Kwalbar da Auta Ya Aiko

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan ƙalau, in ka cire hancin Baba.

Na gaji da kiran wayarka. Kullum muryar matar nan ta kamfanin waya ce take amsa mini, wai ba a samunka. Na san ka ce can inda kuke gina gadar sai an hau tudu ake samun sabis, to ni ba ni da lokacin jiran ranar da za ka ga damar hawa tudu. Dogo, direban motar kayanku, ya ce duk mako yana shigowa gari ɗaukar siminti, kuma ta ƙofar gidan nan yake bi. Na ce shi ke nan, mu koma irin ta dā. Ai ba a banza ubanmu ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan waya ba, ko ba komai mun gaji lasar ambulan.

Labarin gida ga shi. Na samu aikin ɗinkin kayan 'yan makaranta, mai yawa, har shagon ya kasa ɗauka. Na kwaso bandir-bandir na yadi na jibge a falo, na jawo keken ɗinki ɗaya ciki. Tun ranar Baba yake atishawa. Ba irin wadda ka sani ba, irin wadda in ya fara sai na ɗaga ƙafa daga keke na jira ya gama. Ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, majina kamar an kunce famfo. Ana cikin haka ruwan sama ya dake shi a hanyar masallaci, mura ta hau kai. Yanzu hancin ya toshe ƙam, da baki yake numfashi, in yana magana sai ka rantse ta cikin tulu take fitowa.

Na ce mu je asibiti, ya ce shi ba ya bin layi saboda majina. Na ce to ya koma ɗakinsa ya bar mini falon, ya ce tun rasuwar Inna ɗakin ya yi masa faɗi, nan yake son zama ya ji motsin mutane. To me zan ce?

Ƙwayar hawan jininsa dai ina ba shi kowace safiya, da kaina, don in na bar masa sai ya ce ya manta.

Kai fa? Kana cin abinci kuwa? Ka rubuto, ko layi biyu ne. Baba yana gaishe ka, tsakanin atishawa da atishawa.

Taka,
Yaya

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na yi dariya har abokan ɗakina suka zaci aure aka yi mini. Ina lafiya, ina ci, har na fara tumbi.

Albishirinki! An ɗora ni a kan babban injin ɗaga kaya. Ba ƙaramin nan da na fara da shi ba, wanda sai ka hau tsani har ƙafarka ta yi rawa kafin ka kai ɗakin tuƙi. Daga can sama mutane kamar tururuwa, kogin kamar zare. Ki gaya wa Baba autansa ya fi kowa tsawo a wurin nan.

Zancen hancinsa kuwa, kin zo gidan sauƙi. Ni ma haka na yi fama da na zo, ƙurar siminti ta hana ni sakat. Wani mai tebur a bakin ƙofar sansaninmu ya ba ni wannan maganin ruwan da kike gani, biyu a ɗaya ne, yana tsayar da atishawa yana kuma buɗe hanci. Wallahi kamar yankan wuƙa. Ni ko cokali ba na nema, kafa kai nake na kurɓa da safe, in ƙara da rana. Ga kwalba biyu nan na ba Dogo. Kada ki wahalar da tsoho da layin asibiti a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ki gaishe shi, ki ce likitansa na nan tafe in an ba da hutu.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan, a kan teburin yanka, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Da farko an gode. Hanci ya buɗe, atishawa ta tsaya, har Baba ya sa maka albarka. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Auta, Baba ya canza. Mutumin da ka sani in ya zauna da rediyonsa sai kiran salla ya tashe shi, yanzu ba ya iya zama. Daga falo zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ƙofa, ya dawo, ya buɗe durowa ya rufe, ya ɗauki almakashina ya ajiye a wani wuri. In na ce, "Baba me kake nema?" sai ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Yanzu kuwa na sani." Barci ya ƙaurace masa, da safe idonsa a bushe nake samunsa. Hannunsa yana rawa har shayi na zuba. Bakinsa kullum a bushe, yana ta kurɓar ruwa, ga zaryar banɗaki, ya shiga ya daɗe ya fito yana tsaki. Jiya ya dafe ƙirji ya ce kamar ana daka a ciki.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya faru ranar Talata. Na fita kai kaya makaranta da hantsi, na dawo ba Baba. Na duba masallaci, na duba wurin mai jarida, na shiga gidan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mayafina a hannu kamar mahaukaciya. Wajen azahar sai ga shi a bayan mashin, wani ma'aikacin gidan waya ya riƙo shi. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda ban ma san tana nan ba. Wai ya shiga ta ƙofar baya ya tsaya wurin da ake rarraba wasiƙu, yana musu faɗa sun bar aiki ya taru. Mutumin ya ce mini a hankali, "Ku riƙa sa masa ido, haka kakana ya fara."

Da muka shiga gida Baba ya zauna yana kallon rigar a jikinsa. Can ya ce, "Wa ya sa mini wannan?" Na shiga kicin na toshe bakina.

Ka ga abin da muke tsoro ya zo. Ruɗewar tsufa ce, ba sai an faɗa mini ba. Ni kaɗai ba zan iya ba, ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan ƙofa. Na riga na ɓata wuyan riguna da yawa. Ka nemi izini ka zo. Ba roƙonka nake ba, ubanka ne kamar yadda yake nawa.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta tayar mini da hankali, na karanta ta ya fi a ƙirga. Allah ya ba Baba lafiya.

Amma ki tsaya ki ji ni. Yanzu muke ɗora manyan ƙarafan tsakiyar gadar, kuma mu biyu ne kawai muke iya tuƙa injin nan. Na je wa shugaban aikinmu da maganar, bai ko ɗago kai ba ya ce in na tafi akwai masu jiran kujerar. Kin san wahalar da na sha kafin in kai nan. Ki ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa.

Kuma maganar "ubanka ne kamar yadda yake nawa" ta yi mini zafi. Kin ɗauka hutu nake a nan? Ni ma a gajiye nake. Kwanan nan ko abincin rana ban cika gamawa ba, barci yake kwashe ni, sai dai a taɓa ni a ce an koma aiki. Kaina kamar an cika shi da auduga.

Ga shawarata. Ki sa kwaɗo a ƙofar waje in za ki fita. Rashin barcin nan shi ke ruɗa shi, duk wanda bai yi barci ba sai ya ga abin da babu. Maganin da na aiko yana sa barci, ni shaida ne. Ki ƙara masa kafin ya kwanta, in ya samu ya runtsa sosai za ki ga ya dawo daidai.

Kada ki yi fushi da ni. Ki gaishe da shi.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan benci, ƙofar ɗakin maza. Kada gabanka ya faɗi, yana raye, yanzu haka barci yake. Amma ka karanta takardar nan har ƙarshe kafin ka sake hawa injin nan. Ka ji ni? Har ƙarshe.

Na bi shawararka, na ƙara masa. Washegari ya tashi ya fi kullum rikicewa, yana kirana da sunan Inna. Wajen la'asar na ji nishi daga banɗaki. Na buga, ya ce in tafi. Na sake bugawa, sai ya ce, "Fitsari ya ƙi fita." Ashe tun safe yake ɓoyewa don kunya. Da ya fito mararsa ta kumbura ta yi tauri, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ko miƙewa ba ya iyawa. Maƙwabcinmu mai tasi ne ya ɗauke mu.

Aka auna jininsa, nas ɗin ta sake aunawa, ta fita da sauri ta kira likita. Aka sa masa roba fitsarin ya fita. Ban taɓa jin Baba ya yi ajiyar zuciya irin ta ranar ba.

Likitar wata mata ce mai gilashi, ba ta da hayaniya. Na fara ba ta labarin ruɗewa da gidan waya, sai ta katse ni. Ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa mata. Ta ce, "Me ya fara sha a daidai lokacin?" Na ce ba komai sai ƙwayar hawan jininsa. Ta ce, "Ba komai? Ko na mura?" Na ce au, wannan ai sirof ne kawai. Ta ce in koma gida in kwaso mata duk wani abu mai kama da magani, har wanda na raina.

Na je na bincike ɗakinsa. Kwalabenka biyu babu ko ɗigo. Akwai ta uku a bayan rediyo, ashe da kansa ya je kemis da tsohuwar kwalbar ya ce a ba shi irinta. Ni ina ba shi da cokalin miya, shi kuma in hanci ya ɗan motsa sai ya kafa kai, tunda na karanta masa takardarka ya ji yadda kake yi. A aljihun rigarsa kuma ga ƙwayoyin mura da wani abokinsa ya ba shi.

Ta jera su a tebur. Ta ce maganin ba shi da laifi, yana da amfani ga wanda ya dace da shi, amma abu biyu ne a ciki, kuma duk biyun ba na Baba ba ne. Mai buɗe hancin yana matse jijiyoyin jini, ba na hanci kaɗai ba, shi ya tayar masa da jini, ya sa bugun zuciya da rawar hannu, ya kore barci. Mai tsayar da atishawar kuma irin na dā ne, yana busar da baki, yana iya rikita tsoho har ya manta inda yake. Su biyun suka haɗu suka riƙe masa fitsari, don dama akwai wata tsoka a ƙasan mafitsarar maza da take kumbura in shekaru sun ja, tasa ta fara. Ƙwayoyin abokin nasa kuwa, da ta duba bayan kwalin, kusan abu ɗaya ne da na kwalbar. Ninki yake sha bai sani ba.

Ta zaro 'yar takarda daga cikin kwalin, wadda ni na ɗauka cikon kwali ce. Komai yana ciki, Auta. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai wahalar fitsari, mai ciwon suga, kada ya sha sai ya tambayi likita. A auna da ɗan kofin da ke kan murfin, ba cokalin kicin ba. Kada a haɗa da wani maganin mura. Kada a ba ƙananan yara. In an yi 'yan kwanaki ba sauƙi a daina a je asibiti, ba a mai da shi shayi ba.

Na tambaye ta ko hankalinsa zai dawo. Ta ce tana sa rai, in maganin ya bar jikinsa, amma ba ta yi mini alkawari ba.

Sai ta ce, "Wa ya kawo maganin?" Na ce ƙanena, shi ma yana sha. Ta ce wane aiki kake. Da na faɗa mata sai ta cire gilashinta. Ta nuna mini layin da yatsa: kada a tuƙa mota ko a kama inji, yana sa gyangyaɗi. Ta ce, "Ki aika masa yau."

Yau babu mai zuwa. Na kira wayarka har batir ya mutu. Dogo sai jibi. Na tuna abin da ka rubuta na barci a kan abinci, na rasa inda zan sa kaina. Don girman Allah ka ajiye kwalbar nan. Ka je wurin nas ɗin kamfaninku ka nuna mata. Ba na zarginka, ni na riƙe cokalin. Ka dai sauko lafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada Baba ya gani.

An dakatar da ni.

Shekaranjiya da rana ne, bayan cin abinci. Na hau, rana ta buga gilashin, ɗakin tuƙin ya yi ɗumi. An ɗaura mini damin rodi na ɗaga, ina juyawa da shi zuwa kan gadar. Ina ganin mai ba ni hannu a ƙasa da tutarsa. Abin da na tuna ke nan. Sai ihu a cikin oba-oba, rediyon da muke magana da na ƙasa, ana kiran sunana. Na buɗe ido damin ya wuce inda zai tsaya, yana lilo. Na ja birki, amma ya riga ya bugi katakon da ma'aikata suke tsayawa a kai. Akwai wani mai walda a wurin, dattijo mai 'ya'ya, kullum shi yake ajiye mini wuri a layin abinci. Ya yi tsalle don ya kauce, ya faɗo. Ƙafarsa ta karye. Da bai yi tsallen ba, Yaya, da wani labarin nake rubuta miki.

Ban san yadda na sauko tsanin ba.

Aka bincike ɗakinmu aka ga kwalabe a ƙarƙashin gadona. Yanzu duk sansanin ana cewa ɗan shaye-shaye ne ni. In na wuce sai a yi shiru. Ni da ko taba ban taɓa sawa a baki ba! Na kasa zama na kasa kwanciya, sai zagaye nake daga ɗaki zuwa bakin kogi.

Za a zauna a kaina mako mai zuwa. Abokin tuƙina ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in ce barci ne, in ce birki ne ya yi jinkiri. Dama an taɓa yin ƙorafi a kan birkin, ba mai iya ƙaryata ni, shi ma zai goyi bayana. Amma in na faɗi haka, a kan makanikin injin abin zai faɗa.

Na zo nan a rubutun sai ga Dogo ya shigo da takardarki. A tsaye na karanta ta, sannan na zauna a ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauko kwali ɗaya daga shara na zaro takardar da kike faɗa. Ga shi nan kuwa, da baƙin rubutu.

Ni na aika masa. Ni na ce ki ƙara. Ki gaya mini gaskiya, ya gane ki yau? Dogo yana ta danna ham, ba zan iya ƙara komai ba.

Auta

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Amsar tambayarka ta farko: ya gane ni. An sallame mu, muna gida. Jiya ya kira ni da sunana ya ce shayin ya yi sanyi, kuma wa ya taɓa masa tashar rediyo. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Jinin ya sauka, hannun ya daina rawa, yana barci har da minshari. Wani lokacin yakan tsaya a tsakiyar magana yana laluben kalma, likita ta ce a ba shi lokaci. Zuwansa gidan waya bai tuna ba ko kaɗan, ni kuma ban tuna masa ba. Robar tana nan tukuna da 'yar jakarta a ɗaure a ƙafa, sai mun koma a gwada cirewa. Wannan ne yake ci masa rai. In zan zubar masa sai ya juya fuska bango.

Yadin na kwashe shi kaf na mayar shago, na wanke labule, na goge falon da tsumma mai ruwa. Aka koya mini wanke masa hanci da ruwan gishiri mai tsabta, aka ba shi wani maganin fesawa. Atishawar da ta ja mana duk wannan, ashe rabin maganinta tsintsiya ce.

Yanzu kai. Na karanta takardarka a shago, na kulle ƙofa na yi kukana, sannan na yi godiya ga Allah da ƙafa ce ba rai ba.

Ba ka tambaye ni shawara a kan birkin ba, amma da ba ka so ji ba da ba ka rubuto ba. Makanikin nan shi ma ƙanin wata ne. Kuma ka yi tunani, mai teburin nan yana nan a bakin ƙofarku, ƙurar siminti tana nan. Direbobi nawa ne suke kafa kai kamar yadda kake yi? In ka ce birki ne, za a canza birki, kwalba ta ci gaba da yawo. Ka ɗauki kwalin da takardarsa ka shiga da su. Ka ce a gwada jininka in suna so. In aikin ya tafi, ya tafi. Ina da keke biyu, ɗaya ƙura yake sha, kuma na ga kana da ƙafar takawa.

Ka je ka duba mai waldar nan, kada ka jira sai an gama zama.

Taka har kullum,
Yaya

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. An yi zaman.

Har na kai ƙofa ban san me zan ce ba. Da na shiga na ga makanikin a zaune a gefe, hularsa a hannu yana murzawa, shi ma an kira shi. Shugaban aiki ya ce, "Me ya faru a sama?" Na ce, "Barci ya ɗauke ni." Na ajiye kwalin a gabansu. Nas ɗin kamfani ta karanta, ta ce ba kayan maye ba ne, amma duk wanda ya sha wannan da tsakar rana bai kamata ya hau ko keke ba. Shugaban ya ce, "Kana iya karatu?" Na ce ina iyawa. Ya ce, "To." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a kore ni ba. An sauke ni daga injin, sai an ga hali. Yanzu ni ne mai tuta a ƙasa, ina ba abokin tuƙina hannu, wuyana har ciwo yake don kallon sama. Shi kuma ya daina yi mini magana, wai na mai da shi maƙaryaci, ashe ya riga ya ce musu birki ne. Nas ta ba ni wata ƙwaya da ba ta cika sa barci ba, ta ce duk da haka in fara gwada ta ranar hutu, kuma in daina rataye takunkumi a wuya kamar sarƙa, in sa shi a hanci. Ta tara ma'aikata ta ce duk mai shan maganin mura ya kawo ta gani. Ki ga layi, Yaya. Har da direbobin tifa.

Na je wurin mai waldar. Ƙafar tana cikin filasta, an rataye ta. Na tsaya a bakin gadon. Ya ce, "Zauna mana, ko nan ma barci za ka yi?" Matarsa ba ta yi dariya ba, kuma ba ta amsa gaisuwata ba. Ban ga laifinta ba.

Yanzu da nake ƙasa, hutu ba wuya, an ce in ɗauka in ina so. Na haɗa jaka na kwance, na sake haɗawa. Da wane ido zan dubi Baba? Ki bari sai ya ƙara warwarewa. Ko ki ce masa aiki ne ya riƙe ni.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina sanar da kai cewa takardunka sun iso hannun yayarka, daga nan suka iso nawa ba da saninta ba. Ba ta iya ɓoye wasiƙa ba.

Na ji abin da ka faɗa a gaban mutane. Ya yi.

Batun kwalba, kai ka aiko, ita ta zuba, ni na kafa kai. Mu uku duk mun iya karatu. A bar shi a nan.

Kafin ka taso ka koma wurin mai walda ka gaishe shi, ka ce wani tsoho da shi ma yake jinya yana yi masa addu'a. Ka gaishe da matarsa ko ba ta amsa ba.

Ranar Alhamis za a cire mini robar nan. Ka biyo Dogo. Yayarka ta yi abin da ba kowace 'ya za ta yi ba, amma akwai abin da uba ba ya so 'yarsa ta riƙe masa.

Wassalam.
Mahaifinka